Zuciyar Yaro da Karatunsa: Binciken Carola Suárez-Orozco a kan 'Ya'yan Baƙin Amurka

Malaman da suka gabace mu, Allah ya jiƙan su, ba su kasance suna auna darajar masani da yawan littattafan da ya wallafa ba, ko da yawan almajiran da ke durƙusawa a zaurensa, sai dai da abin da ilminsa ya gyara a cikin zaman jama'a; shi ya sa suka raba ilmi gida biyu, mai amfani da wanda ba ya amfanar kowa, suka kuma yawaita neman tsari daga na biyun. Jami'o'in wannan zamani suna da nasu ma'aunin, wato ƙidayar sau nawa wasu masana suka ambaci maƙalar mutum a cikin nasu rubuce-rubucen, kuma ma'aunin ba shi da laifi, illa dai ba ya iya gaya mana ko wani yaro ya sami sauƙi a dalilin maƙalar. Da ma'aunin farko nake so mu duba aikin wata malama a ƙasar Amurka, Farfesa Carola Suárez-Orozco, masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana bin diddigin 'ya'yan baƙi, musamman waɗanda ake kira Latino, domin ta gane abin da ke gudana a zukatansu da yadda wannan ke fitowa a takardar sakamakon jarrabawarsu.

Su Latino mazauna Amurka ne waɗanda asalinsu ya fito daga ƙasashen da ke kudu da ita, irin su Meziko da Kuba da Jamhuriyar Dominikan da Gwatamala da Salbado da Honduras da tsibirin Puerto Rico, galibinsu masu harshen Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar, a makarantun gwamnati kuwa sun zarce rubu'in ɗalibai. Ba dukansu ne baƙi ba, domin mafi yawansu a Amurka aka haife su, wasu ma kakanninsu suna zaune a Kalifoniya da New Mexico tun kafin 1848, shekarar da Meziko ta sallama waɗannan yankuna bayan yaƙi. Amma da ɗan gida da baƙo, abu guda ya daɗe yana bin su, shi ne yawan barin makaranta kafin a kammala sakandare. Kuma shekara da shekaru bayanin da ya fi sauƙi a bakin mutane shi ne wai iyayen ba su san darajar ilmi ba, ko kuwa wai yaran ba su da basira. Tun a shekarun 1930 wani malami ɗan New Mexico, George Sánchez, ya tashi ya ƙaryata magana ta biyu, yana mai nuna cewa gwajin basira da aka rubuta da Turanci, aka ɗora wa yaron da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, harshe yake aunawa ba hankali ba. Magana ta farko kuwa, ta cewa gidajen ba su damu da karatu ba, ta yi ta rayuwa har zamanin da Carola ta shigo fagen.

Ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Mijinta, Marcelo Suárez-Orozco, masanin al'adun al'umma ne, haifaffen Ajantina, wanda shi kansa ya zo Amurka yana saurayi, kuma a shekarun 1980 ya zauna da samarin da suka tsero daga yaƙe-yaƙen Amurka ta Tsakiya, ya tarar da yawansu suna karatu ba ji ba gani, domin suna jin akwai bashi a wuyansu na iyaye da ƙanne da suka bari cikin wuta. A 1995 su biyun suka fitar da littafin da ya kwatanta samari da 'yan mata kashi huɗu: waɗanda ke zaune a Meziko, da waɗanda suka ƙaura zuwa Amurka, da 'ya'yan 'yan Meziko da aka haifa a Amurka, sannan da 'ya'yan Turawan Amurka. Daga cikin hanyoyin da suka bi akwai wani tsohon gwaji da aka ƙirƙira a Jami'ar Harvard a shekarun 1930. Ana miƙa wa yaro zane, ba rubutu ba bayani: ga wani ƙaramin yaro zaune, ya zura wa gogen Turawa da ke kan tebur a gabansa ido. Sai a ce ya ba da labari, me ya faru kafin nan, me yaron ke saƙawa a ransa, yaya kuma abin zai ƙare. Hikimar ita ce zanen bai faɗi komai ba, saboda haka duk abin da mai ba da labari ya zuba a ciki daga baɗininsa ya ɗebo shi.

Abin da ya fito ya saɓa wa zaton jama'a. Yaran Meziko da sababbin baƙi sukan ba da labarin yaron da ya sha wuya wajen koyon gogen, ya nemi taimakon uba ko malami, ya dage har ya ƙware, iyayensa suka yi alfahari da shi. 'Ya'yan Turawa sau da yawa labarinsu na yaro ne da iyaye suka tilasta wa darasin da ya gundure shi, yana neman hanyar kuɓuta. Waɗanda aka haifa a Amurka daga iyaye 'yan Meziko kuwa, a labaransu aka fi ganin karaya da gazawa. Da aka tambaye su kai tsaye ko makaranta ce abu mafi muhimmanci gare su, mafi yawan baƙin suka amsa da na'am, alhali a cikin 'ya'yan Turawa waɗanda suka amsa haka ba su kai rabi ba. Ke nan himma ba a gida take ɓacewa ba. Yaro yakan iso da ita cike da ƙirjinsa, sannan wani abu ya same ta bayan isowar. Mas'alar da ta rage, wadda ita ce ta cinye sauran rayuwar aikin malamar, ita ce a gano mene ne wannan abu.

Domin haka ne a 1997, suna Jami'ar Harvard, suka ɗaura ɗamarar wani bincike mai tsawo. Suka zaɓi yara kimanin 400, 'yan shekara 9 zuwa 14, waɗanda ba su daɗe da isowa ba, daga Meziko da Amurka ta Tsakiya da Jamhuriyar Dominikan da Haiti da ƙasar Sin, mazauna yankunan Boston da San Faransisko, suka bi su shekara biyar cur. Masu yi musu tambayoyi mutane ne da ke jin harshensu, suka kuma san al'adunsu, kuma ba su tsaya ga yaran ba, sai da suka zauna da iyaye, suka ji ta bakin malamai, suka shiga azuzuwa suka ga yadda ake karatu, suka tattara maki shekara bayan shekara. An fara da makarantu kimanin 50, amma saboda yawan ƙaurar iyali da sauyin aji, kafin a gama yaran sun watsu cikin makarantu fiye da 100, kuma a shekarar ƙarshe 309 aka samu. Na jaddada wannan ne domin galibin binciken da aka saba yi kafin nan leƙe guda ne, a tambayi yaro yau a tafi. Shi kuwa wanda ya bi yaro shekara biyar yana ganin lokacin da abu ya fara karkacewa, da abin da ya gabace shi.

Abu na farko da ya bayyana ba a makaranta yake ba. Da aka tambayi yaran yadda suka zo, sai aka tarar kashi 85 cikin 100 sun rabu da uwa ko uba, ko dukansu biyu, a cikin sha'anin ƙaurar, wasu wata 'yan kaɗan, wasu shekaru masu yawa. A cikin 'yan Amurka ta Tsakiya da 'yan Haiti kuwa kusan babu wanda ya tsira daga wannan. A 2002 aka buga wannan natija. Iyalan sun san haka, ba shakka, amma makarantu da asibitoci ba su lissafa shi, domin malami yana ganin yaro ya zo rajista tare da uwarsa, bai san ba su fi mako uku da haɗuwa ba.

Bari in kwatanta yadda abin yakan kasance, ba da labarin wata yarinya takamaimai ba, sai dai da siffar da ta yi ta maimaituwa a cikin hirarrakin. Uwa ta bar 'yarta tana shekara uku a hannun kaka, a wani ƙauye na Salbado, da alkawarin shekara guda za ta aiko a ɗauke ta. Sai ga bashin masu ƙetarar da mutane, ga aikin sharar ofisoshi da daddare wanda ladansa bai taka kara ya karya ba, ga takardu da ba sa fitowa. Shekara guda ta zama bakwai. A tsawon wannan mudda uwar murya ce a waya da kuɗi a ƙarshen wata, kaka kuwa ita ce mai yi mata kitso, mai kwana zaune in zazzaɓi ya tashi. Ranar da aka ce ta shirya, kowa yana yi mata barka, alhali a wajenta rabuwa ce ta biyu, kuma ta fi ta farko zafi tun da yanzu tana da wayo. A filin jirgi wata mace ta rungume ta tana kuka, ga wani namiji a gefe da aka ce mijin uwarta ne, ga ƙane da ba ta taɓa gani ba yana magana da harshen da ba ta ji. Uwar tana jiran godiya, domin ta san abin da ta haɗiye a shekarun nan, 'yar kuwa wata tambaya ce ke cinta, wadda watakila sai ranar da aka yi faɗa za ta fito: «Mama, don me kika tafi kika bar ni?» Uwar ta ce: «Don ke na yi, 'yata.» Dukansu gaskiya suka faɗa. Ranar Litinin kuma a kai yarinyar nan aji, a ce ta mai da hankali ga lissafi.

Mai karatu Bahaushe zai iya cewa ai wannan ba baƙon abu ba ne, tun da mu ma muna ba da riƙo, yaro ya tashi a hannun goggo ko kaka, ya girma lafiya lau, har ya fi shaƙuwa da mai riƙonsa. Masu binciken ba su gafala daga wannan ba. Sun lura cewa a inda riƙo al'ada ce sananniya, kamar tsibiran Karibiyan, kuma aka sanar da yaro dalilin tafiyar ba a sulale masa da dare ba, kuma mai riƙo tana raya sunan uwar da alheri a kunnensa, to cutarwar takan ragu ƙwarai. Ma'anar da aka ba rabuwar tana da nauyi kusan kamar tsawonta. Inda lamarin ya bambanta da riƙon da muka sani shi ne iyaka. Uwar da ba ta da takardar izinin zama ba ta iya zuwa ganin gida ranar biki ta komo, yarinyar kuma bayan ta ƙetare ba ta iya komawa jana'izar kakarta. A nan suka ɗauko fahimtar wata masaniya, Pauline Boss, game da rashin da ba shi da tabbas, wato mutum yana raye amma ba ya nan, ba a yi masa zaman makoki ba balle a yi wa mai rashi ta'aziyya, saboda haka baƙin cikin ba ya samun ƙofar fita.

Sai dai a 2011 Carola da abokan aikinta suka sake komawa kan bayanan, suka fitar da wani abu wanda a ganina ya kai na farkon muhimmanci. Yaran da suka daɗe ba sa tare da uwayensu su ne suka fi nuna alamun fargaba da ciwon damuwa a farkon isowarsu, amma bayan shekara biyar alamun sun lafa. Malamin da ke neman suna zai iya tsayawa ga rabin farko, domin shi ya fi tayar da hankali. Faɗin rabi na biyu shi ne amanar ilmi, kuma shi ne ke hana a ɗauki kowane ɗan baƙo a matsayin majinyaci. Raunin gaskiya ne, warkewar ma gaskiya ce, abin da ke tsakaninsu kuwa shekaru ne da suka faɗo daidai lokacin da ake yanke wa ɗalibi hukuncin ko zai kai jami'a ko ba zai kai ba.

Abu na biyu shi ne abin da suka kira madubin jama'a. Wani likitan yara na Ingila, Donald Winnicott, ya riga ya bayyana cewa jariri a fuskar uwarsa yake fara ganin kansa, in ta yi masa fara'a ya san shi abin so ne. Su kuwa suka ce yaro in ya girma madubinsa yana ƙaruwa: malami, da ɗan sanda, da mai kanti da ke bin sa da ido, da talabijin. Suka ba yaran jumla su cika, cewa yawancin Amurkawa suna ganin mutanen ƙasarmu kaza ne. Kashi 65 cikin 100 suka cika da mummunar kalma, kuma a wajen Latino da 'yan Haiti amsar da ta fi yawa ita ce ana ganin su mutanen banza. Ka tuna yara ne da ba su daɗe da isowa ba, Turancinsu bai nuna ba, amma wannan darasi sun riga sun haddace shi. Ba abin mamaki ba ne, domin a 1994 jama'ar Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da dokar hana marasa takardu makaranta da asibitin gwamnati, kuma ko da yake kotu ta dakatar da ita, maganganun da aka yi a lokacin yaƙin neman ƙuri'ar sun shiga kowane gida. Wani yaro yakan karɓi hoton ya sallama. Wani ya mayar da martani da fushi, ya sami mutunci a cikin gungun 'yan daba tun da bai samu a aji ba. Wani kuwa, in akwai babba da ke nuna masa wani madubi dabam, ya dage sai ya ƙaryata su.

A 2008 aka buga cikakkiyar natijar binciken a littafin Learning a New Land, tare da Irina Todorova, kuma ba labari ne mai daɗin ji ba. Kimanin sulusi biyu na yaran makinsu ya yi ƙasa a cikin shekara biyar ɗin, wasu sannu a hankali, wasu faɗuwar gaggawa. Kusan rubu'i sun riƙe matsayi mai kyau tun daga farko har ƙarshe, kuma 'yan ƙasar Sin sun fi yawa a cikinsu. 'Yan mata sun fi samari a kusan kowace ƙabila. Amma kashin da ya fi jan hankalina shi ne mafi ƙanƙanta, kimanin ushiri, waɗanda suka fara da rauni sannan suka farfaɗo. Da yawansu sun zo da tabon abin da suka gani a gida da doguwar rabuwa, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a tarihinsu shi ne samun wani babba da ya tsaya musu, ko malami, ko mai horar da 'yan wasa, ko wani a majami'a, ko ɗan'uwa da ya riga su sanin gari. Wannan ne ya sa malamar ta nace cewa shaƙuwa da mutanen makaranta ba ƙari ba ce a kan karatu, ita ce ƙofarsa. Yaron da ya san akwai wanda zai lura in bai zo ba, shi ne ke zuwa, ya kuma yi aikin da aka ba shi.

Ga kuma mas'alar harshe. Bayan yaran sun yi kimanin shekara bakwai a ƙasar, kashi 7 cikin 100 kacal suka kai tsaransu 'yan gida a Turancin karatu, wato ba na hira a filin wasa ba, na fahimtar littafin tarihi da rubuta insha'i. Masana harshe sun riga sun ƙiyasta cewa wannan mataki yana cin shekara huɗu zuwa bakwai ko da a makaranta mai kyau. Amma ana tsakiyar binciken, a 1998, Kalifoniya ta kafa dokar da ta taƙaita koyarwa da harsuna biyu, ta ce a ba yaro kimanin shekara guda ta koyon Turanci sannan a jefa shi cikin aji, a 2002 kuma jihar Massachusetts ta bi sahu, wato jihohi biyun da yaran ke zaune. Makarantun da galibinsu suka samu kuwa an ware su ta fuska uku, ta launin fata da ta talauci da ta harshe, har ya zama yaro yana iya wuni bai yi doguwar magana da wanda Turanci ne harshen uwarsa ba, alhali binciken ya nuna irin wannan mu'amala ta yau da kullum tana cikin manyan abubuwan da ke ƙarfafa harshen. A wasu makarantun ɗalibai sun fi damuwa da yadda za su tsira daga duka a farfajiya fiye da darasi.

Sannan ga takardu. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta hukunta a wata ƙara daga jihar Teksas cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda rashin izinin zama. Amma buɗe ƙofar aji daban, kwanciyar hankalin wanda ke zaune a ciki daban. A 2011 Carola da Hirokazu Yoshikawa da wasu suka tattara hujjoji a kan yara kimanin miliyan biyar da rabi da ke da uwa ko uba marar takarda, waɗanda mafi yawansu 'yan ƙasa ne ta haihuwa, suka nuna yadda tsoron kora ke hana iyaye kai yaro asibiti ko neman tallafin da yake haƙƙinsa, da yadda yaro ke tafiya makaranta bai da yaƙinin zai tarar da uwarsa in ya komo. A wani bincike da aka buga a 2015, Carola da wasu abokan aikinta suka tambayi ɗaliban jami'a 909 marasa takardu, suka tarar fiye da rubu'in maza da fiye da sulusin mata suna da fargabar da ta kai haddin neman magani. Hujja mafi ƙarfi ta zo daga wasu masana dabam, ƙarƙashin Jens Hainmueller na Jami'ar Stanford, a 2017. Shirin da Shugaba Obama ya kafa a 2012, na dakatar da korar waɗanda aka shigo da su suna yara, ya gindaya sharaɗin ranar haihuwa. Sai suka kwatanta 'ya'yan uwaye fiye da 5,000 a jihar Oregon, uwayen da aka haifa gab da ranar, wasu kafinta wasu bayanta, mata ne da ba abin da ya raba su sai wannan rabo. 'Ya'yan waɗanda shirin ya rufa wa asiri, yawan waɗanda likita ya samu da ciwon fargaba da dangoginsa ya ragu da kimanin rabi.

Wajibi ne a faɗi iyakar aikin. Yara 400 a birane biyu ba su ne dukan 'ya'yan baƙin Amurka ba, kuma ba da ƙuri'a aka zaɓo su ba, sai ta hanyar makarantun da suka yarda. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki kashi 85 ɗin nan a shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya. Haka kuma ganin abu biyu suna tafiya tare bai tabbatar ɗaya ne sababin ɗaya ba, tun da mai yiwuwa ne yaron da ya riga ya fara farfaɗowa shi ne ke jawo hankalin malami. Duk da haka ina ganin ƙimar binciken ba a adadinsa take ba. Kafin shi, masu nazarin makaranta suna ƙidayar maki, likitocin hankali suna ƙidayar alamun ciwo, kowa a ɗakinsa. Shi ne ya zaunar da su a kan yaro guda, ya nuna musu cewa makin da ya faɗi a shekara ta huɗu yana da nasaba da kakar da aka bari da kuma kalmar da yaron ya cika jumla da ita.

To, me ya canza? A 2012 Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ta fitar da babban rahoto a kan ƙaura, wanda Carola ce ta shugabanci kwamitin da ya rubuta shi, domin ya zama jagora ga masu duba marasa lafiya da masu ba ɗalibai shawara. Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 2018, sa'ad da gwamnatin Shugaba Trump ta shiga raba yara da iyayensu a kan iyakar Meziko da gangan, har fiye da yara 2,500 suka shiga hannun hukuma, ba tare da an tanadi ingantacciyar hanyar sake haɗa su ba. Ƙungiyoyin likitocin yara da masana tarbiyya suka fito da sanarwa cikin 'yan kwanaki, kuma Carola tana cikin waɗanda suka rubuta ta ƙungiyar masu binciken girman yara. Wanda ya san aikinta zai ga munin abin da idon basira, domin duk sharuɗɗan da binciken ya nuna suna sassauta zafin rabuwa, wato a shirya yaro, a bar shi hannun wanda ya sani, a ci gaba da jin muryar uwa, babu ko ɗaya da aka bari. Ba zan ce ilmi ne ya dakatar da manufar ba. Kukan yaran da aka naɗa aka watsa ya fi kowace maƙala girgiza jama'a, ranar 20 ga Yuni shugaban ya sa hannu a kan umarnin dainawa, ranar 26 ga wata kuma alƙali Dana Sabraw ya ba da umarnin a mayar da yaran ga iyayensu. Amma da aka zo ga bayyana irin cutarwar da aka yi da abin da ya wajaba a gyara, hujjar tana nan a rubuce tun shekaru, kuma sulhun da kotu ta amince da shi a Disamba 2023 ya haɗa da kula da lafiyar hankalin iyalan, ya kuma haramta irin wannan rabawa har tsawon shekara takwas.

A ɓangaren makaranta sauyin ya fi tafiyar hawainiya, amma akwai shi. Kalifoniya ta warware dokar harshenta da ƙuri'ar jama'a a 2016, Massachusetts ta yi haka ta majalisa a 2017, bayan masana da yawa, ba malamar nan kaɗai ba, sun yi ta nuna cewa shekara guda ba ta isa. Ita kuma, wadda ta koyar a New York da Los Angeles kafin ta koma Harvard a 2022, ta juya ga nazarin makarantun da ke cin nasara da sababbin baƙi, a New York da kuma ƙasar Suwidin, domin a san abin da suke yi. A irin makarantun sakandaren da aka keɓe wa baƙi a New York, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a 1985, kowane malami malamin harshe ne, ko da lissafi yake koyarwa ko kimiyya. Ana zaunar da ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, wanda ya daɗe tare da wanda ya zo jiya, a bar su su yi amfani da harshen gida wajen fahimtar darasi. Kuma kowane ɗalibi yana da ƙaramin zaure da malami guda da ya san gidansu, ya san da wa yake zaune da kuma yaushe suka haɗu. Irin waɗannan makarantu, da ke cikin haɗaka guda, kimanin 30 ne a faɗin ƙasar, alhali ɗaliban da ke koyon Turanci a makarantun gwamnatin Amurka sun kai kimanin miliyan biyar, kuma kashi uku cikin huɗu nasu Sifaniyanci suke ji a gida.